Agwagwa Mai Lamba: Gidan Tour d'Argent Bayan Faɗuwar Taurarinsa

A gaɓar hagu ta kogin Seine, cikin gunduma ta biyar ta birnin Faris, a lamba 15 kan titin bakin ruwa da ake kira Quai de la Tournelle, akwai gidan cin abinci mai suna La Tour d'Argent, wato Hasumiyar Azurfa, wanda ya shafe mafi yawan ƙarni na 20 ana lissafa shi cikin manyan gidajen girki na duniya, amma a yau masana abinci ba sa sanya shi a sahun gaba ko a cikin birnin da yake. Gidan bai rufe ba, bai kuma rasa baƙi ba, domin har yanzu mutane na zuwa daga Amurka da Japan da sauran ƙasashe su biya kuɗi mai tsoka don su zauna a zaurensa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne matsayin da a da yake da shi, na zama ma'aunin da ake gwada sauran gidaje da shi. Wannan hali na gidan da sunansa ya fi girkinsa nisan zango ya cancanci nazari, saboda yana tilasta wa mai cin abinci ya tambayi kansa abin da yake saye da kuɗinsa: ɗanɗanon abin da ke cikin faranti, ko kuwa damar shiga cikin tarihi na sa'o'i biyu zuwa uku.

Masu gidan sun daɗe suna cewa an kafa shi a 1582, suna kuma ba da labarin cewa a nan ne Sarki Henri na Uku ya fara ganin ana cin abinci da cokali mai yatsu, amma masana tarihi ba su samu takardar da ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Akwai ma dalilin shakka tun daga tushe, domin gidan cin abinci irin na zamani, inda kowane baƙo yake da teburinsa, yake zaɓar abin da yake so daga rubutaccen jerin abinci mai farashi, bai bayyana a Faris ba sai a shekarun 1760, kuma bai bunƙasa sosai ba sai bayan juyin juya halin 1789, lokacin da masu girkin gidajen sarauta da dama suka koma sayar da gwanintarsu ga duk mai iya biya. Tarihin Tour d'Argent da ba a jayayya a kansa ya fara ne a ƙarshen ƙarni na 19 da wani mutum mai suna Frédéric Delair, wanda ya mallaki gidan, kuma a 1890 ya ɗauki wani girki da aka sani a yankin Rouen ya mayar da shi abin kallo.

Girkin shi ne agwagwar da ake matse ƙashinta, kuma dole a bayyana shi dalla-dalla, domin ɗaukakar gidan da kuma matsalarsa duk a cikinsa suke. Ana kiwon agwagin ne a Challans, cikin yankin Vendée da ke yammacin Faransa, kuma ba yanka su ake yi ba, shaƙe su ake yi, don kada jinin ya zuba ya bar naman. Ana gasa agwagwar sama-sama na ɗan lokaci yadda cikinta zai kasance ja, sannan a kawo ta zauren cin abinci a nuna wa baƙin da suka yi odarta, waɗanda bisa al'ada mutum biyu ne. Daga nan wani ma'aikaci da aikinsa ke nan, wanda Faransawa ke kira canardier, yakan yanke tsokar ƙirjin siriri-siriri, ya mayar da cinyoyin kicin don a ƙara gasa su a kawo su daga baya a matsayin zagaye na biyu, ya kuma zuba sauran gangar jikin cikin wata na'urar matsi mai lulluɓin azurfa da ke da sitiyari a samanta. Idan ya juya sitiyarin, ƙashin yakan murƙushe, jini da ruwan ɓargo su tsiyayo ta wani ɗan bututu, sai a haɗa su da niƙaƙƙiyar hantar agwagwar da romo da barasar cognac da giyar Madeira, a yi ta motsawa a kan ƙaramar wuta har miyar ta yi kauri ta koma baƙi-baƙi. Ana zuba ta a kan yankakken naman, a kawo tare da dankalin turawa da aka soya sau biyu har ya kumbura ya zama fanko a ciki.

Hikimar Delair ta kasuwanci ta fi ta girki, domin shi ne ya fara bai wa kowace agwagwa lamba, yana rubuta sunan wanda ya ci ta, ana kuma miƙa wa baƙo kati mai ɗauke da lambar ya tafi da shi gida. Ta haka ne aka san cewa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai na Ingila, ya ci agwagwa ta 328 a 1890, Hirohito na Japan ya ci ta 53,211 a 1921 tun yana yarima mai jiran gado, Franklin Roosevelt na Amurka ya ci ta 112,151, Charlie Chaplin kuma ta 253,652. An kai ta miliyan ɗaya a 2003. Katin ya mayar da abincin dare ɗaya ya zama shaidar shiga wani jeri da ya faro daga sarakuna, kuma wannan jeri shi ne hajar da gidan bai taɓa rasa masu saye ba, ko a shekarun da masu sharhi suka fi caccakar girkinsa.

Ga mai karatu Musulmi, wannan girki ya tara abubuwa uku da shari'a ta haramta a fili, wato dabbar da aka shaƙe, da jini, da barasa, saboda haka sha'awarsa a nan ta ilimi ce, ba ta ciki ba. Ko a tsakanin Faransawan yau ma ba kowa ne yake jure miyar jini mai nauyi irin wannan ba, kuma wannan sauyin ɗanɗano yana cikin abubuwan da suka taɓa gidan.

Zamanin ƙoli na Tour d'Argent na iyalin Terrail ne. André Terrail ya sayi gidan jim kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma auri 'yar mai Café Anglais, shahararren gidan abincin ƙarni na 19 da aka rushe a 1913, wanda ta wannan aure ne wani ɓangare na ajiyar giyarsa ya koma Tour d'Argent. A 1936 ya ɗaga zauren cin abinci zuwa hawa na shida, inda tagogi masu faɗi suke kallon kogin da tsibiransa biyu da bayan babbar majami'ar Notre-Dame, kuma tun daga lokacin wannan kallo ya zama rabin abin da baƙo yake biya. Ɗansa Claude, wanda a 1940 ya gina bango ya toshe sashen rumbun ƙarƙashin ƙasa da ke ɗauke da kwalabe mafi daraja don kada sojojin Jamus su gan su, ya karɓi ragama a 1947 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2006. Claude Terrail ba kuku ba ne. Mai masaukin baƙi ne, wanda aka sani da shuɗin fure a wuyan kwat, yana zagaya tebura yana gaisawa da shugabanni da taurarin fim, kuma a zamaninsa ne aka buɗe reshe a otal ɗin New Otani na Tokiyo a 1984. A irin gidan da ya gada, mai gida da shugaban masu hidima su ne fuskar gida, kuku kuwa yana can baya, yawancin baƙi ba su san ko sunansa ba.

Hukuncin faɗuwar gidan ya fito ne daga kundin Michelin, wanda 'yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, suka fara bugawa a 1900 don ƙarfafa wa masu mota gwiwar yin tafiya. A 1926 kundin ya fara bai wa gidajen abinci tauraro, a 1931 ya raba shi mataki uku: tauraro ɗaya na nufin girki mai kyau ƙwarai a ajinsa, biyu na nufin gidan ya isa matafiyi ya ratse hanya dominsa, uku kuma na nufin ya isa a yi tafiya takanas saboda shi. Masu binciken kundin suna zuwa ne ba tare da bayyana kansu ba, su ci su biya kamar kowa. Tour d'Argent ya samu taurari uku a 1933, ya riƙe su mafi yawan shekarun da suka biyo baya har 1996, lokacin da aka rage masa ɗaya, sannan a farkon 2006 aka sake rage ɗaya, 'yan watanni kafin Claude Terrail ya rasu yana da shekara 88. Abin lura shi ne Michelin ta daɗe tana cewa taurarinta na abin da ke cikin faranti ne kaɗai, wato ingancin kayan girki, da ƙwarewar sarrafa su, da daidaituwar ɗanɗano, da tambarin kuku a cikin girkinsa, da ɗorewar inganci daga rana zuwa rana. Kallon kogi, da azurfa, da sunayen sarakuna, da ladabin ma'aikata, ba sa cikin lissafin, alhali kuwa a nan ne gidan ya fi ƙarfi.

Kuskure ne a ɗauka cewa masu girkin gidan sun wayi gari ne sun manta sana'arsu. Abin da ya faru shi ne ma'aunin ya motsa, gidan kuma ya tsaya inda yake. A 1973 'yan jarida biyu, Henri Gault da Christian Millau, suka wallafa ƙa'idojin abin da suka kira sabon girki, wanda ya ƙunshi rage lokacin dafuwa, da amfani da abin da aka samu ɗanye a kasuwar ranar, da taƙaita jerin abinci, da barin miya mai nauyi da ake kaurara ta da fulawa. Masu girki irin su Paul Bocuse da 'yan'uwa Troisgros da Michel Guérard da Alain Chapel, waɗanda yawancinsu su ne masu gidajensu, suka fito daga kicin suka zama sanannu. Tare da wannan ne wani sauyi ya zo wanda ba a cika ambatonsa ba, ko da yake shi ya fi taɓa gidaje irin Tour d'Argent: aka daina yanka nama da haɗa miya a gaban baƙo a kan ƙaramin tebur mai taya, aka koma shirya kowane faranti a kicin ƙarƙashin idon kuku, ma'aikacin zaure kuma aikinsa ya zama ɗaukowa da ajiyewa da bayani. Daraja ta tashi daga zaure ta koma kicin. Bayan haka Joël Robuchon ya ɗaga ma'aunin daidaito a shekarun 1980, Alain Passard ya cire jan nama daga jerin abincinsa a 2001 ya mayar da hankali kan kayan lambu ba tare da ya rasa taurarinsa uku ba, sannan hankalin duniya ya karkata zuwa El Bulli na Sifen da Noma na Danmak da gidajen Tokiyo, har Faransa kanta ta daina zama alƙibla ɗaya tilo.

Gidan da aka san shi da girki ɗaya yana cikin wani tarko da sabon gida bai san shi ba, domin shahara linzami ce. Baƙon da ya taso daga wata nahiya don ya ci agwagwa mai lamba ba zai yarda a ce masa an sauya ta ba, saboda haka babban kuku, komai basirarsa, yana gadon jerin abinci ne da rabinsa ba shi da ikon taɓawa, kuma kukun da ke neman yin suna da ƙirƙirarsa yakan fi son gidan da ba shi da irin wannan gado. A ɗaya ɓangaren kuma mai binciken Michelin yana neman tambarin kukun a cikin faranti, sai ya tarar da tambarin mutumin da ya mutu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Idan gidan ya sauya, tsofaffin baƙi su ce ya ɓata gado. Idan ya tsaya, masu sharhi su ce ya zama gidan tarihi mai kicin. Haka ya faru da gidan Bocuse da ke kusa da Lyon, wanda ya riƙe taurari uku tun 1965, ya ci gaba da dafa miyar da aka ƙirƙira wa Shugaba Giscard d'Estaing a 1975, sannan aka rage masa tauraro a 2020, shekara biyu bayan rasuwar mai shi. Taillevent na Faris ya rasa na ukunsa a 2007. Maxim's kuwa, wanda aka buɗe a 1893, Pierre Cardin ya saye shi a 1981, ya daɗe da zama wurin da ake zuwa don adon bangonsa fiye da girkinsa.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba shi da armashin faɗa amma yana da nauyi. Girkin alfarma irin na Faransa yana cin ma'aikata da yawa, a kicin da zaure da rumbu, a ƙasar da albashi da harajin ɗaukar ma'aikaci suke da tsada. Da dama daga cikin gidajen da suke da taurari uku a Faris a wannan ƙarni suna cikin manyan otal-otal ne, kamar Le Cinq a George V da Epicure a Bristol, inda kuɗin ɗakunan kwana ke iya rufe giɓin kicin, kuma gidan Plénitude na otal ɗin Cheval Blanc, mallakar kamfanin LVMH, ya samu taurari uku a 2022 cikin watanni da buɗe shi. Tour d'Argent na iyali ne, ba shi da ɗaruruwan ɗakuna a bayansa, kuma dukiyarsa mafi girma tana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa: kwalaben giya wajen 300,000, waɗanda kundin sunayensu ya kai kusan shafi 400.

Shi kansa zaman cin abincin yana tafiya ne bisa tsarin da bai sauya sosai ba. Ana tarbar baƙo a ƙasa, a hau da shi lifta zuwa hawa na shida, kuma tun kafin ya zauna an riga an yanke rabin darajar darensa, domin tebur na jikin taga da tebur na tsakiyar zaure farashinsu ɗaya amma abin da suke bayarwa ba ɗaya ba ne. An daɗe ana buƙatar maza su sa kwat. Hidima tana da matakai, daga shugaban zaure zuwa mai kula da rukunin tebura zuwa mataimakinsa, ga kuma mai kula da giya da ke zuwa da kundinsa. Yawancin waɗanda ke zaune ba masu bin diddigin girki ba ne. Ma'aurata ne da ke bikin cikar shekarun aurensu, da iyalan da ke taya ɗansu murnar gama karatu, da masu yawon buɗe ido da suka tara kuɗi don zuwa sau ɗaya a rayuwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mutum biyu za su ci abinci a dare ɗaya a zaure ɗaya, ɗaya ya fita yana cewa an sayar masa da kallon kogi a farashin girki, ɗayan kuma ya fita yana jin bai taɓa ganin dare irinsa ba, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa gwargwadon abin da ya je nema. Lamarin ya yi kama da hawan daba, inda dawaki da lifidi da sulke suka daɗe da barin fagen yaƙi, amma wanda ya tsaya kallo bai yi asarar ranarsa ba, muddin bai zo da zaton zai ga rundunar da za ta ci gari ba. Haɗarin da ke tattare da irin wannan gida shi ne sakaci, domin baƙon da ba zai dawo ba, wanda kuma ya riga ya ƙudurta cewa zai ji daɗi, ba ya matsa wa kicin lamba yadda mazaunin gari mai zuwa kowane wata yake yi.

André Terrail ƙarami, jikan na farko, wanda ya gaji gidan yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shafe shekaru yana neman hanyar sassauta linzamin ba tare da ya tsinke shi ba. A 2009 ya yi gwanjon kwalabe 18,000, a 2016 ya sake yin gwanjon kayan tebur da kayan ɗaki da wata na'urar matse agwagwa, ya kuma ɗauko Philippe Labbé ya sabunta jerin abincin, daga baya Yannick Franques ya gaje shi. Ya buɗe gidan burodi da kantin kayan abinci a maƙwabta, ban da gidan gasasshen nama mai sauƙin farashi da ke gefe. A 2022 ya rufe gidan baki ɗaya na fiye da shekara guda don gyara ƙarƙashin jagorancin mai zanen gini Franklin Azzi, kuma da aka sake buɗewa a 2023 an samu wurin shan abin sha a ƙasa, da wani a kan rufin, da masauki guda na haya, an kuma buɗe kicin yadda baƙi za su ga masu girki suna aiki. Wannan na ƙarshe shi ne amincewa a aikace cewa zamanin ɓoye kuku ya wuce. A farkon 2024 gidan ya kai ƙara ga 'yan sanda bayan ƙidayar rumbu ta nuna kwalabe 83 sun ɓace, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura yuro miliyan ɗaya da rabi, kuma a kundin Michelin na 2024 tauraro ɗaya aka ba shi.

Tauraro ɗaya ba abin kunya ba ne, domin dubban gidajen abinci a Faris ba su da ko shi, amma farashin Tour d'Argent na ɗaruruwan yuro ga mutum guda ya fi kusa da na gidajen da suka fi shi taurari, kuma a nan ne ƙorafin masu sharhi yake da tushe. Wanda burinsa shi ne ya ɗanɗana girki mafi ci gaba da Faris ke da shi a yau zai fi samun biyan buƙata a wani gidan da kuɗin da bai kai wannan ba. Wanda kuma yake son ya ga yadda ake hidimar tebur a Faransa kafin 1970, da yanka a gaban baƙo da haɗa miya a kan wuta a tsakiyar zaure, gidajen da suka rage suna yin haka da cikakken tsari kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan yana cikinsu. Irin wannan baƙo ya fi dacewa ya je da rana, lokacin da ake da ƙayyadadden jerin abinci mai rangwame kuma kogin yake a bayyane, ya nemi tebur na jikin taga tun lokacin da yake kama wuri, idan kuma Musulmi ne ya tambayi abin da ke cikin kowace miya kafin ya zaɓa, domin giya tana shiga girkin Faransa na gargajiya har a cikin abincin kifi.